Tarihin Rayuwar Robert Smithson, Maginin Bakin Tafkin Gishiri (1938–1973)

Gabatarwa

Galibin masu fasaha, ko magina ne ko marubuta ko masassaƙa, babban burinsu shi ne abin da suka yi ya daɗe bayan ransu. Saboda haka ne magini ke neman dutse mai ƙwari, marubuci kuma ke neman tawadar da ba ta koɗewa. Mutumin da za a kawo tarihinsa a wannan maƙala ya bi wata hanya dabam. Ya tara duwatsu da ƙasa fiye da tan 6,000 ya zuba a bakin wani tafki mai nisa da gari, alhali kuwa yana sane da cewa ruwa da gishiri za su yi yadda suka ga dama da su. Sa'an nan ya ɗauki aikin a fim. Bayan shekara 2 ruwa ya haɗiye ginin, bayan wata shekara guda shi kansa ya mutu, aka bar duniya da fim da hotuna har kusan shekara 30.

Sunan wannan mutum Robert Smithson, ɗan ƙasar Amurka, ɗaya daga cikin shugabannin abin da ake kira fasahar ƙasa, watau irin fasahar da mai yin ta ke barin takarda da allo ya fita fili ya yi aiki da doron ƙasa kansa. Za mu bi rayuwarsa tun daga haihuwa har zuwa mutuwa, amma za mu fi tsayawa a kan aikinsa na bakin tafki da fim ɗin da ya yi a kansa. Dalili kuwa shi ne akwai wata tambaya a ciki wadda ta shafi duk mai nazarin adabi da al'adu: in abu ya ɓace hotonsa ya saura, wanne ne aikin?

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Robert Smithson ran 2 ga Janairu, 1938, a garin Passaic cikin jihar New Jersey. Sunan mahaifinsa Irving, mahaifiyarsa kuwa Susan. Kafin a haife shi iyayen sun rasa ɗansu na fari mai suna Harold, wanda cutar sankarar jini ta kashe yana yaro, don haka Robert ya tashi shi kaɗai a gabansu. Ya yi farkon ƙuruciyarsa a Rutherford, inda likitan da ke duba shi shi ne William Carlos Williams, wanda ban da aikin likita shahararren marubucin waƙoƙi ne. Daga baya gidansu ya koma garin Clifton.

Wannan yanki na New Jersey yana daura da birnin New York, kuma ƙasa ce ta masana'antu da fadamu da ramukan fasa dutse da manyan hanyoyin mota. Masu neman wurin shaƙatawa ba su cika waiwayarsa ba, amma shi ne ya renu idon Smithson, kuma har ya mutu irin waɗannan wurare da aka ci moriyarsu aka yar su ne suka fi jan hankalinsa. Tun yana yaro sha'awarsa ta karkata ga ilmin halittu. Yakan tara macizai da ƙadangaru da duwatsu da ƙasusuwan dabbobin da suka sandare suka zama dutse, har ya kafa ɗan gidan tarihi nasa na kansa a ɗakin ƙarƙashin gidansu. Yakan kuma ziyarci babban gidan tarihin halittu na New York, inda aka jera ƙwarangwal ɗin dainoso, watau manyan dabbobin nan da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam. In iyayensa za su yi tafiyar hutu, shi ne ke zama da taswira ya tsara musu hanya. Mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa uku, dutse da dainoso da taswira, domin dukkansu za su sake fitowa a cikin fim ɗinsa.

Karatunsa da Farkon Aikinsa

Smithson bai yi jami'a ba. Tun yana makarantar sakandare ya riƙa zuwa koyon zane a makarantar Art Students League ta New York, tsakanin 1954 da 1956. Ya taɓa aikin soja na ɗan lokaci, sa'an nan ya zauna a New York yana zane. A 1959 ya yi nunin zanensa na farko shi kaɗai, a 1961 kuma ya yi wani a birnin Rum na Italiya. Zane-zanensa na wannan lokaci cike suke da siffofin addinin Kirista da jini da azaba, kuma daga baya shi kansa bai cika son a tuna masa da su ba.

A 1963 ya auri Nancy Holt, wadda suka yi makaranta ɗaya a Clifton, ta kuma karanta ilmin halittu a jami'ar Tufts. Wannan aure ya zama ginshiƙi a rayuwarsa, domin ita ma mai fasaha ce mai zaman kanta, kuma kusan duk tafiyar da ya yi tare suka yi, sau da yawa kyamara na hannunta. Daga wajen 1964 ya rage zane da buroshi ya koma ƙera abubuwa da ƙarfe da madubi, masu siffar ƙwayar gishiri ko lu'ulu'u. A 1966 aka saka aikinsa a babban nunin nan mai suna Primary Structures a New York, tare da su Donald Judd da Sol LeWitt da Carl Andre. A wannan lokaci ne kuma ya haɗu da Virginia Dwan, mai gidan nunin fasaha, wadda ta zama uwar ɗakinsa, ta riƙa nuna ayyukansa tana kuma biyan kuɗinsu.

Har ila yau a 1966 wani kamfanin injiniyoyi ya ɗauke shi mai ba da shawara a kan tsarin filin jirgin sama na Dallas da Fort Worth. Ba a gina ko ɗaya daga cikin abubuwan da ya kawo ba, amma aikin ya buɗe masa ido. Ya soma tunanin fasahar da za a shimfiɗa a ƙasa, wadda sai daga sama ake iya ganinta gaba ɗaya.

Tunaninsa

Ba za a fahimci Smithson ba sai an san cewa alƙalaminsa ya yi aiki kamar yadda hannunsa ya yi. Ya yi rubuce-rubuce da yawa, musamman a mujallar Artforum, kuma kusan dukkansu suna zagaye wata ƙa'ida ta kimiyya da ake kira entirofi. Taƙaitaccen bayaninta shi ne, duk abin da aka tsara, in an bar shi, watsewa yake yi. Zafi yakan bar tukunya ya bazu cikin iska, ba ya komawa da kansa. Bango yakan zube ya zama turɓaya, turɓaya ba ta tashi ta zama bango.

Ran 30 ga Satumba, 1967, ya hau motar haya daga New York zuwa garin haihuwarsa, ya yi ta yawo a bakin kogin Passaic da 'yar ƙaramar kyamara. Ya ɗauki hoton gada da bututun da ke zubar da ƙazamin ruwa da hanyar da ba a gama ginawa ba, ya kira su abubuwan tarihi, kamar yadda baƙi ke kiran kufan Rum. A maƙalar da ya buga a kan wannan yawo cikin Disamba na shekarar, ya kawo misali da akwatin yashi irin wanda yara ke wasa a ciki. A raba shi biyu, gefe ɗaya farin yashi, gefe ɗaya baƙi, a sa yaro ya yi ta zagayawa a guje har yashin ya gauraya ya zama toka-toka. In aka ce yaron ya juya ya zagaya ta baya, yashin ba zai rabu ba, sai ma ya ƙara cakuɗewa. Abu ɗaya ne kawai zai nuna ya rabu, watau a ɗauki gudun a fim a juya shi baya. To, amma shi ma fim ɗin wata rana zai ruɓe ko ya ɓace. Ke nan tun shekara 3 kafin ya je bakin tafki ya riga ya auna abin da fim zai iya da abin da ba zai iya ba.

A 1968 ya fito da wata dabara. Yakan je wani wuri a bayan gari, ya kwaso yashi ko duwatsu, ya kawo ɗakin nuni ya zuba cikin akwatunan ƙarfe, ya rataye taswirar wurin a bango. Ya raɗa wa irin wannan aiki suna Nonsite, wanda ma'anarsa ta yi kusa da kishiyar wuri. Na farkonsu ya fito ne daga dajin Pine Barrens na New Jersey. Manufarsa ita ce mai kallo ya tsaya tsakanin abu biyu: abin da ke gabansa a ɗaki, da wurin da aka ɗebo shi, wanda ba ya gani. Kowane ɗaya yana nuni ga ɗan'uwansa, ba kuma wanda ya isa shi kaɗai.

Fita Fili da Shigowar Kyamara

Cikin Oktoba 1968 gidan nunin Dwan ya shirya baje kolin da aka kira Earthworks, cikin Fabrairu 1969 kuma jami'ar Cornell ta shirya wani mai suna Earth Art. Da waɗannan biyu ne fasahar ƙasa ta sami suna. Amma nan da nan wata matsala ta taso. Aikin da aka yi a hamada ko a bakin teku ba ya ɗaukuwa, ba ya sayuwa yadda aka saba, wani ma ba ya kwana. Yaya jama'a za su gan shi?

Wani Bajamushe mai suna Gerry Schum ya kawo amsa. Ya bi masu fasaha 8 zuwa wuraren aikinsu da kyamara, ya haɗa fim mai suna Land Art, aka nuna shi a talabijin ɗin Berlin ran 15 ga Afrilu, 1969. Biyu daga cikin ayyukan a bakin tekun Holan aka yi su. Jan Dibbets ya sa an ja layuka a kan rairayi da mota mai tura ƙasa, aka karkata su da gangan yadda in aka duba ta idon kyamara za a ga sun miƙe sun yi daidai da kusurwoyin allon talabijin, sa'an nan aka jira igiyar ruwa ta taso ta shafe su. Barry Flanagan kuwa ya kafa wani faffaɗan bututu mai garai-garai a rairayin Scheveningen, da ruwa ya kewaye shi aka ɗauka daga sama, sai ka ce rami ne aka haƙa a cikin teku. A nan wanda ya tsaya a bakin tekun bai ga abin da aka nufa ba, mai kallon talabijin ne ya gani. Smithson na cikin mutum 8 ɗin nan, da wani aiki na madubai a ramin fasa dutse kusa da tafkin Cayuga.

Wannan shekara da farkon ta bayanta ya yi su ne a kan hanya. A Yucatan ta ƙasar Meziko ya jera madubai a wurare 9, a cikin toka da daji da bakin ruwa, ya ɗauki hoto ya kwashe su. Cikin Oktoba 1969 ya sa tifa ta juye zazzafar kwalta a gangaren wani rami kusa da Rum. Cikin Janairu 1970, a jami'ar Kent State ta Ohio, ya sa an zuba ƙasa tifa 20 a kan wata tsohuwar rumfar itace har babbar azararta ta tsage, ya ce a bar ta ta ƙarasa rushewa da kanta. Ran 4 ga Mayu na shekarar dakarun jiha suka harbe ɗalibai 4 a wannan jami'a lokacin zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam, wani ya rubuta kwanan watan a jikin rumfar. Aikin ya sami ma'anar da mai shi bai shirya ba.

Ginin Bakin Tafki

Smithson ya daɗe yana neman tafki mai jan ruwa, tun da ya karanta labarin irinsa a Bolibiya. Sai ya sami labarin cewa arewacin Babban Tafkin Gishiri na jihar Utah haka yake. Dalilin launin kuwa hannun mutum na ciki. A 1959 kamfanin jirgin ƙasa ya gama wata doguwar hanya ta duwatsu wadda ta raba tafkin biyu, ta hana ruwan koguna isa ɓangaren arewa. Gishiri ya yi yawa a can, har ba abin da ke rayuwa sosai sai wasu ƙananan halittu masu jure gishiri, waɗanda ke rina ruwan ya koma ja-ja. Shi da Holt suka bi hanyar burji suka isa wani lungu mai suna Rozel Point, ba nisa da Promontory inda aka haɗa layin dogon da ya ratsa Amurka a 1869. Suka tarar da baƙaƙen duwatsu na aman wuta, da ɗanyen mai yana tsattsafowa, da tarkacen injunan masu neman man da suka gaji suka tafi. Irin wurin da yake so ke nan.

Ya karɓi hayar fili daga gwamnatin jiha na shekara 20, Virginia Dwan ta ba da dala 9,000, ya nemi ɗan kwangila. Da ƙyar ya samu, domin kowa na tsoron injinsa ya nutse a laka. Daga ƙarshe Bob Phillips na garin Ogden ya yarda. Cikin Afrilu 1970, da tifa 2 da tarakta da babbar katafila, aka yi kwana 6 ana kwasar dutse daga tudu ana zubawa a ruwa, Smithson na tsaye cikin laka yana kafa turaku da igiya yana nuna hanya. Siffar farko ta fito kamar ƙugiya. Ya duba ya ga ba ta yi masa ba, ya dawo da ma'aikata aka sake ta. Abin da ya fito shi ne wata hanya ta duwatsu mai tsawon ƙafa 1,500 da faɗin ƙafa 15, wadda ta miƙe daga gaɓa ta shiga ruwa, sa'an nan ta naɗe kanta kamar saƙar faifai, tana juyawa saɓanin hannun agogo har ta ƙare a tsakiya. Ya sa mata suna Spiral Jetty, watau murɗaɗɗiyar gadar bakin ruwa. Gada ce da ba ta kai kowa ko'ina, wanda ya bi ta har ƙarshe ba shi da abin yi sai juyowa.

Bai zaɓi wannan siffa haka kawai ba. Akwai tsohuwar almara cewa tafkin na haɗe da teku ta ƙarƙashin ƙasa, kuma akwai wata majuyar ruwa a tsakiyarsa mai haɗiye jirage. Bugu da ƙari, ya karanta cewa ƙwayar gishiri kanta a murɗe take girma. Ke nan siffa ɗaya ce daga abin da ido ba ya gani har zuwa abin da sai daga sama ake gani.

Fim Ɗin

Tun ana zuba dutse ake ɗaukar hoto. Da ya koma New York sai ya zauna tare da Robert Fiore da Barbara Jarvis suka yanka suka haɗa, aka sami fim mai launi wanda ya ɗan haura rabin sa'a, aka nuna shi a gidan nunin Dwan a ƙarshen 1970. Wanda ya zo da zaton zai ga rahoton yadda aka yi gini zai sha mamaki. Fim ɗin ya buɗe ne da fuskar rana tana tafasa. Sa'an nan ga hanyar burji tana gudu a gaban mota da bayanta. Ga shafuffukan da aka yage suna faɗowa daga kan dutse, wanda Holt ce ta ɗauka a wani ramin fasa dutse na New Jersey, don a nuna cewa tarihin duniya littafi ne da ya yayyage, wasu shafuka sun ɓace. Ga taswirori na da da na yanzu. Ga ɗakin dainoso na gidan tarihin da yake zuwa yana yaro, an ɗauke shi ta jan gilashi, ƙwarangwal na iyo cikin launin jini.

Sai a tsakiya ake isa wurin aiki. A nan an riƙa sassaɓa hoto biyu: katafila na ruri tana kwasar dutse kamar dabbar da aka gani ɗazu, sai a yanke a nuna ruwa kwance shiru, sai a koma ga ruri. Daga nan kyamara ta hau jirgi mai saukar ungulu. Ana jin muryar Smithson tana lissafa kusurwoyin duniya ɗaya bayan ɗaya, kowace ya ambata sai ya biyo ta da abubuwa huɗun da aka yi ginin da su, ba canji, har mai sauraro ya rasa gabas da yamma. Sai ga shi kansa yana gudu a kan duwatsu, jirgi na bin sa ta sama kamar ana farautarsa, yana tuntuɓe yana ci gaba har tsakiya, ya tsaya, ya juyo. Hasken rana da ke kan ruwa ya bugi idon kyamara har hoto ya kusa ƙonewa. Fim ɗin ya rufe da hoton ɗakin da aka haɗa shi, ga faya-fayan fim a naɗe, su ma siffarsu ta murɗi ce.

A 1972 ya buga maƙala mai suna ɗaya da ginin. Saboda haka Spiral Jetty suna ne na abu uku, gini da fim da rubutu. In mun tuna dabararsa ta wuri da kishiyar wuri, za mu ga cewa fim ɗin shi ne akwatin da aka kawo gari, tafkin kuwa shi ne wurin da ake nuni gare shi. Wanda ya taka duwatsun ya ji warin gishiri da zafin rana, amma bai ga murɗin gaba ɗaya ba. Wanda ya kalli fim ya ga murɗin, amma ƙafarsa ba ta jiƙe ba.

Shekarunsa na Ƙarshe

A 1971 aka gayyace shi Holan don nunin Sonsbeek. A wani ramin haƙar yashi kusa da garin Emmen ya yi aiki mai kashi biyu, wata da'ira da rabinta ƙasa ce rabinta ruwa, da wani tudu mai hanya a murɗe. Da gangan ya tuno da ambaliyar 1953 wadda ta ci rayuka masu yawa a ƙasar. An shirya aikin na ɗan lokaci ne, amma aka bar shi. Ya soma fim a kansa bai gama ba.

Ba kowa ne ya yaba masa ba. A farkon 1970 ya so ya rufe wani ɗan tsibiri a yammacin Kanada da fasassun kwalabe, masu kare muhalli suka tashi saboda tsuntsaye da dabbobin ruwa, aka hana shi. Wasu suka ce masu fasahar ƙasa ba su da bambanci da masu haƙar ma'adinai, duk yaga ƙasa suke yi. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, kuma a maganar tsibirin ina ganin masu hanawa ne ke da hujja. Amsarsa ita ce ɗan Adam ba zai daina haƙa ba, saboda haka gara mai fasaha ya shiga tsakanin mai haƙa da mai karewa. Ya yi ta aika wa kamfanonin kwal da tagulla takardu yana neman su ba shi ramukan da suka gama da su ya mai da su ayyukan fasaha, har da ƙaton ramin tagulla na Bingham a Utah. Bai ga cikar ko ɗaya ba.

Mutuwarsa

Cikin 1973 ya je Texas, inda wani attajiri mai suna Stanley Marsh ya ba shi wuri a gonarsa kusa da Amarillo don ya gina wata hanya mai lanƙwasa wadda za ta riƙa hawa daga cikin wani ƙaramin tafki. Ya kafa turaku ya gama awo. Ran 20 ga Yuli ya shiga ƙaramin jirgin sama don ya duba wurin ya ɗauki hoto, jirgin ya faɗi kusa da turakun, ya mutu tare da matuƙi da mai ɗaukar hoto. Shekararsa 35. Kallon ƙasa daga sama, wanda ya buɗe masa ido a 1966, shi ne ya zama ajalinsa. Gerry Schum, wanda aka haifa shekara ɗaya da shi, ya riga shi mutuwa da wata 4. Bayan 'yan makonni Nancy Holt da Richard Serra da Tony Shafrazi suka koma suka gina abin da ya auna, aka kira shi Amarillo Ramp.

Abin da Ya Biyo Baya

Tun 1972 ruwan tafkin Utah ya ƙaru ya rufe Spiral Jetty, in ban da ɗan leƙowa jefi-jefi. Duk tsawon shekarun da sunan Smithson ke bunƙasa a makarantu da littattafai, ginin na ƙarƙashin ruwa, fim ɗin da hotunan Gianfranco Gorgoni ne ke tsaye a madadinsa. Holt ta tattara rubuce-rubucensa ta buga a 1979, a 1999 kuma aka miƙa ginin ga gidauniyar Dia don ta kula da shi. A 2002 fari ya sa ruwa ya ja baya, duwatsun suka fito, amma fari fat da gishiri, ba baƙaƙe kamar yadda aka sani a fim ba. A 2008 wani kamfani ya nemi haƙar mai kusa da wurin, jama'a suka yi ca, ba a yi haƙar ba. Holt ta ƙarasa fim ɗin Emmen a 2011, ta mutu a 2014. A 2017 jihar Utah ta ayyana Spiral Jetty a matsayin aikin fasahar ƙasa na jiha. A 2022 kuwa ruwan tafkin ya yi ƙasan da ba a taɓa aunawa ba, saboda fari da kuma karkatar da koguna zuwa gonaki da birane, har masu ziyara suka riƙa tarar da murɗin kwance a busasshen fili, ruwa na can nesa.

Kammalawa

Mu koma ga tambayar da muka fara da ita. Da ba a yi fim ba, da wuya wani ya tuna da tarin duwatsun da ruwa ya rufe shekara 30 a wani lungu. Da kuma ginin ya ɓace har abada, da mun ɗauka abin da fim ya nuna shi ne gaskiyarsa ta ƙarshe, watau baƙin dutse a cikin jan ruwa. Fitowarsa fari, da zamansa a busasshiyar ƙasa daga baya, su ne suka nuna cewa fim ɗin ya kama wata guda ne kawai na shekarar 1970. Ɗalibin adabin baka ya san irin wannan, domin waƙar da ya ɗauka a kaset ta tsira daga mantuwa, amma mawaƙin in ya sake rera ta gobe ba haka zai rera ba. Smithson ya gina gadarsa yana jiran ruwa ya ci ta. Abin da bai rayu ya gani ba shi ne ranar da tafkin kansa zai janye ya bar ta, har masu auna ƙarancin ruwa su riƙa nuna hotonta a matsayin shaida.